Japon: yadda ake raya kifin miliyoyi a cikin ɗari

A tsaunukan jihar Nigata, arewa maso yammacin birnin Tokiyo, dusar ƙanƙara takan zarce tsawon mutum a lokacin ɗari. Amma nan ne asalin koyi, kifin ado mai launin ja, fari da baƙi, wanda duniya ta fara saninsa sosai bayan baje kolin Tokiyo na shekara ta 1914. Ba don miya ake kiwonsa ba, don kallo ne. A shekara ta 2018 an saida guda ɗaya a Japon a kan yen miliyon 203, wato wajen miliyar ɗaya na kuɗin sefa. Mai irin wannan dukiya a ruwa ba ya wasa da sanyi.

Jikin kifi yana bin zafin ruwan da yake ciki ne. Da zarar ruwa ya sauko ƙasa da digiri 10, cikin koyi ba ya narka abinci yadda ya kamata, garkuwar jikinsa kuma ta yi rauni. Sai ya koma ƙasan tafki ya lafe, inda ruwa mai digiri 4 yake taruwa saboda ya fi nauyi. Shi ya sa ake son zurfin tafki ya wuce mita ɗaya. In ƙanƙara ta rufe saman ruwa ruf, gurɓatacciyar iska ba ta samun mafita, kifi ya shaƙe.

Makiyayan Ojiya da Yamakoshi sun daɗe da samun dabara. Da zafi suna sakin kifin cikin tafkunan laka a waje. A watannin Oktoba da Nuwamba sai su kwashe su, su maida cikin kwamin siminti a ɗakuna rufaffu, inda ake ɗumama ruwa da hura masa iska.

Masu ƙaramin tafki a lambun gida, musamman a Ingila da Jamus, hanya biyu ce gabansu. Ta farko, a bar kifi ya yi kwanciyarsa: a daina ba shi abinci, a sa ƙaramar na'ura da za ta bar kafa a buɗe cikin ƙanƙara. Ta biyu, a riƙe ruwa da ɗumi, a ci gaba da ciyarwa kaɗan-kaɗan. Haɗarin yana tsakani. Wanda ya kunna yau ya kashe gobe don tsimin kuɗi, ya fi wanda bai kunna ba ɓarna, domin hawa da saukar zafi suna galabaitar da kifi, ƙwayoyin cuta kuma su samu shiga.

Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne. Ɗaga zafin lita 10.000 da digiri ɗaya tak yana cin kusan kilowat-awa 12. Mafi yawan ɗumin ta saman ruwa yake tserewa, saboda haka masana kan fara da rufe tafki da rumfar roba mai barin haske ya shiga, kafin su sayi na'ura. Da wutar lantarki ta yi tsada a Turai a shekara ta 2022, wannan lissafi ya ƙara nauyi.

Sai dai dogaro da wuta shi ma yana da nasa sharri. Ranar 23 ga Oktoba 2004 girgizar ƙasa ta afka wa yankin Yamakoshi. Tafkuna suka fashe, wuta ta ɗauke, injunan hura iska suka tsaya, kifi masu yawa suka mutu. An kwashe mutanen ƙauyen gaba ɗaya, daga baya aka ɗauko wasu kifin da suka tsira da jirgi mai saukar ungulu, kuma da su aka sake tada sana'ar.

Don haka, kafin mai tafki ya kunna na'ura a farkon ɗari, sai ya tabbata aljihunsa da wutarsa za su kai shi ƙarshensa. In ba haka ba, gara ya bar kifin ya lafe.