Kalundborg: Garin da Masana'antu Suke Cinikin Shararsu

Kalundborg ƙaramin gari ne a bakin teku, a yammacin tsibirin Zealand na ƙasar Denmak, kimanin kilomita 100 daga babban birnin ƙasar, Kofanhagen. Mutanensa ba su kai dubu ashirin ba, amma sunansa ya shiga littattafan injiniyoyi da masana muhalli a duniya, saboda masana'antun da ke cikinsa sun shafe fiye da shekara hamsin suna sayar wa juna abin da a wasu wurare ake zubarwa. Tururin da ya yi wa wannan yawa shi wancan yake saye ya dafa kayansa. Tokar wani ta zama simintin wani, ruwan da wani ya gama sanyaya injinsa da shi kuma ya wuce ta bututu zuwa maƙwabcinsa.

Manyan masu wannan hulɗa tun asali su biyar ne. Akwai tashar wutar lantarki ta Asnæs, wadda ta fara aiki a 1959 kuma ta daɗe tana riƙe da matsayin babbar tasha mai ƙona kwal a ƙasar. Akwai matatar mai, wadda ta yi shekaru a hannun kamfanin Statoil na Norway. Akwai Gyproc, mai yin allunan jifsam na rufin ɗaki da bango, wato dangin abin da ake yin silin POP da shi. Sai Novo Nordisk, mai haɗa insulin na masu ciwon sukari, sannan hukumar garin kanta, wadda take kula da ruwa da ɗumama gidaje.

Matsalar ruwa ce ta fara haɗa su. Yankin ba shi da wadatar ruwan ƙarƙashin ƙasa, matatar mai kuwa ba ta aiki sai da ruwa mai ɗimbin yawa. A 1961 aka shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 13 daga tafkin Tissø zuwa matatar, don a bar ruwan rijiyoyin burtsatse ga masu sha. Musanya ta farko tsakanin kamfani da kamfani ta zo a 1972. Matatar tana da rarar iskar gas da take ƙonawa a sararin sama, Gyproc kuma yana buƙatar wuta don busar da allunansa, sai suka yi yarjejeniya aka ja bututu tsakaninsu. Wanda ya san yadda harshen wutar gas yake ci dare da rana a yankin Neja Dalta zai fahimci irin dukiyar da ake magana a kanta.

Daga nan abin ya riƙa ƙaruwa, yarjejeniya ɗaya bayan ɗaya. A 1976 Novo Nordisk ya fara raba wa manoma dagwalon da yake saura bayan an kiwata ƙwayoyin halitta a manyan tankuna. Dagwalon yana ɗauke da sinadaran da shuka take so, irin waɗanda ake samu a takin zamani. Sai an dafa shi an gauraya da farar ƙasa don a kashe ƙwayoyin da ke cikinsa, sannan a kai shi gonaki. Kyauta aka riƙa bayarwa, domin da kamfanin ya yi lissafi ya ga hakan ya fi masa araha a kan kowace hanyar rabuwa da shi. A 1979 tashar Asnæs ta fara sayar da tokar kwal ga masu yin siminti, har ana kai ta Aalborg a arewacin ƙasar.

Tururi shi ne ƙashin bayan tsarin duka. Tashar wuta mai ƙona kwal tana tafasa ruwa ne ya zama tururi, tururin ya juya injin da ke samar da lantarki. Daga cikin zafin da ke cikin kwal ɗin, kusan kashi 40 cikin 100 ne kawai yake komawa lantarki. Sauran yana tafiya a banza, wani ya bi hayaƙi, mafi yawa ya bi ruwan sanyaya inji ya koma teku. Wannan asara ba ta rashin ƙwarewa ba ce, haka dokar zafi take ga duk injin da ke aiki da wuta. Abin da za a iya yi shi ne a samo wanda zafin kansa yake buƙata. Bayan tashin farashin mai na 1973, wanda ya girgiza Denmak ƙwarai don a lokacin kusan duk makamashinta daga waje take sayo shi, an samu masu buƙatar. A 1981 aka fara tura ruwan zafi daga tashar zuwa gidajen garin ta bututun ƙarƙashin ƙasa, aka daina amfani da murhunan mai kusan 3,500 da ake ɗumama gidaje da su a lokacin sanyi. A 1982 matatar mai da Novo Nordisk suka fara sayen tururi daga tashar maimakon kowa ya dogara da tukunyarsa. Har ruwan teku mai ɗumi da ya fito daga injinan bai tafi haka nan ba, an yi kiwon kifi da shi, domin kifi ya fi saurin girma a ruwa mai ɗumi.

Labarin jifsam ya nuna yadda dokar muhalli take iya haifar da haja. Kwal yana ɗauke da farar wuta. Idan aka ƙona shi, farar wutar takan fita a hayaƙi, ta haɗu da danshin sama ta sauko a matsayin ruwan sama mai tsami, wanda ya lalata dazuzzuka da tafkuna a arewacin Turai. Da aka tsaurara doka, sai Asnæs ta kafa na'urar wanke hayaƙi a 1993. Ana fesa wa hayaƙin ruwan da aka dama da garin dutsen farar ƙasa, farar wutar ta kama shi, abin da yake fitowa a ƙarshe shi ne jifsam. Gyproc, wanda a da yake shigo da jifsam a jirgin ruwa daga Sifen, sai ya same shi a bakin ƙofarsa, kuma ya rufe masa kaso mai yawa na buƙatarsa. Ita ma matatar mai ta fara cire farar wuta daga gas ɗinta a 1990, ana sayar da ita ga masu yin asid, daga baya aka riƙa mai da ita takin ruwa.

Abin lura a duk wannan tarihi shi ne babu wanda ya zauna ya zana shi. Babu kwamitin gwamnati da ya tsara cewa a gina tashar wuta a nan, a gina masana'antar allo a can don su ci moriyar juna. Kowace yarjejeniya tsakanin ɓangare biyu aka ƙulla ta, a kan farashi, kuma sai da kowa ya ga ribarsa. Inda lissafi bai fita ba, ba a yi ba. Sai a ƙarshen shekarun 1980 su kansu masu abin suka farga da girman abin da suka saƙa, bayan wasu ɗaliban sakandaren garin sun yi taswirar masana'antun a wani aikin makaranta, suka haɗa su da zaruruwa masu nuna abin da yake fita daga wannan ya shiga wancan. A 1989 kuma Robert Frosch da Nicholas Gallopoulos, masu bincike a kamfanin General Motors, suka buga wata maƙala a mujallar Scientific American da ta yi kira da a tsara masana'antu yadda sharar ɗaya za ta zama kayan aikin ɗaya. Masana suna neman misali, sai ga Kalundborg yana yi tun tuni. A 1996 aka buɗe cibiya a garin don kula da haɗin gwiwar da karɓar baƙi masu zuwa gani.

Dalilan da suka sa abin ya yiwu a nan sun fi ƙarfin bututu da inji. Masana'antun kusa suke da juna, wannan kuwa sharaɗi ne ga tururi, domin yana hucewa a hanya kuma bututunsa tsada gare shi. Toka da jifsam suna jure tafiya mai nisa, tururi da ruwan zafi ba sa jurewa. Sana'o'insu kuma daban-daban ne, babu mai gasa da wani, don haka ba wanda yake tsoron maƙwabci ya san abin da yake shiga masana'antarsa da abin da yake fita. Garin ƙarami ne, manajojin sun san juna, suna haɗuwa a wajen aiki. Wannan yana da nauyi, saboda kamfanin da ya rufe tukunyarsa ya dogara da tururin wani ya ɗora aikinsa gaba ɗaya a kan alkawarin wancan. Doka ma ta yi nata: Denmak ta sa haraji a kan shara tun 1987, kuma ta hana binne sharar da za a iya ƙonawa daga 1997. Inda zubarwa take da tsada, neman mai saye yakan zama dole.

Da labarin ya bazu, ƙasashe da dama sun yi ƙoƙarin kwaikwaya. A Amurka an tsara unguwannin masana'antu irin wannan a shekarun 1990, amma da yawansu a takarda suka tsaya, domin mai zuba jari ba ya zaɓar wuri don kawai akwai sharar maƙwabci. Yana duba kasuwa da hanya da ma'aikata tukuna. Birtaniya ta bi wata hanya daban a 2005 da wani shiri na ƙasa baki ɗaya, inda aka ɗauki ma'aikata suna tara kamfanoni, kowa ya rubuta abin da yake zubarwa da abin da yake saye, sannan a haɗa masu dacewa da juna, kamar yadda dillali yake haɗa mai kaya da mai kuɗi. Lardin Western Cape na Afirka ta Kudu ya ɗauki wannan salo a 2013. A ƙasar Sin kuwa, kamfanin sukari na Guitang a birnin Guigang ya gina nasa a cikin gida: tuƙar rake ta tafi masana'antar takarda, baƙin ruwan sukari ya tafi yin sinadarin itanol, wasu ragowar kuma suka shiga taki da siminti. Marian Chertow ta Jami'ar Yale ta ba da ma'aunin da ake yawan amfani da shi wajen gane irin wannan tsari: aƙalla ɓangarori uku su kasance suna musanyar aƙalla abubuwa biyu.

Tsarin yana da rauninsa, kuma Kalundborg ya ɗanɗana. Wanda ya dogara da sharar wani ya dogara da cewa wancan zai ci gaba da yin ta. Lokacin da Denmak ta juya wa kwal baya, aka gina wa Asnæs sabon sashe mai ƙona ɓarzajjen itace, wanda ya fara aiki wajen 2020. Tururi ya ci gaba da zuwa, amma itace ba shi da farar wutar da kwal yake da ita, don haka jifsam ɗin da ake samu daga hayaƙi ya yanke. Masu yin allo a Turai duka suna fuskantar wannan yayin da tashoshin kwal suke rufewa, sun koma neman jifsam na ma'adinai da niƙa tsofaffin allunan da aka ɓalle daga gine-gine. A gefe guda sababbin hanyoyi sun buɗe: tun 2018 ragowar Novo Nordisk tana bi ta masana'antar da ke fitar da gas daga ruɓaɓɓun abubuwa kafin saura ya isa gona a matsayin taki.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan. Ba kowace shara ce take dacewa da komawa kasuwa ba. A unguwar Hazaribagh ta birnin Dhaka a Bangaladash, an daɗe ana dafa yankakkun fatun da suka fito daga majemai ana yin abincin kaji da kifi da su, alhali suna ɗauke da sinadarin kuromiyam da ake jima da shi, har sai da kotu ta hana. Musanyar da ba a yi mata gwaji ba hanya ce ta kai guba cikin tukunyar jama'a. A Kalundborg kowace haja tana da ma'aunin ingancin da aka rubuta a yarjejeniya, kuma hukuma tana bin sawu.

A ƙasar Hausa ainihin dabarar tsohuwa ce. Mai matsar man gyaɗa ba ta zubar da tunkuza, ƙuli-ƙuli take yi da ita. Dusar masu niƙa tana tafiya ga masu kiwo, haka abin da ya rage bayan an matse angurya, kashin kaji kuma ya koma gonar masara da lambu. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna kwasar takin birni a kan jakuna. 'Yan gwangwan suna tara ƙarfen da ake narkarwa a yi rodi. Inda giɓin yake shi ne tsakanin manyan masana'antu. A unguwannin masana'antu irin su Bompai da Sharaɗa da Challawa, rashin tsayayyar wuta ya sa kusan kowa yana da janaretansa, janaretan dizal kuwa yana zubar da kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin man da ya sha a matsayin zafi, ko da maƙwabcinsa yana sayen mai don ya tafasa ruwa. Injinan casar shinkafa da suka yawaita a Kano da Kebbi suna tara buntu tuli-tuli, wanda makamashi ne, kuma tokarsa tana da amfani a haɗin siminti idan an ƙona shi yadda ya kamata. Matakin farko a irin waɗannan wurare ba ya buƙatar bututu ko jari mai yawa. Aiki ne na ƙungiyar masu masana'antu da hukumar muhalli su tattara rajistar abin da kowace masana'anta take zubarwa, nawa ne a wata, da abin da gwaji ya nuna yana cikinsa.