Gini Ma Yana Zazzaɓi: Awon Yau da Kullum da Tsimin Makamashi a Wuraren Kasuwanci

Gabatarwa

A garuruwan Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi, hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan, da wuya a sami layin kasuwa da babu mai sayar da ruwan sanyi da ƙanƙara, ko kemis, ko shagon buga takardu, ko injin niƙa. Dukkan waɗannan sana'o'i abu guda ne ke riƙe da su, wato makamashi: ko dai wutar lantarkin da kamfanin rarraba wuta na Kaduna yake kawowa, ko fetur da gas na janareta, ko kuwa hasken rana. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, kuɗin makamashi ya shiga sahun manyan abubuwan da ke cinye ribar ɗan kasuwa. A watan Afrilu na 2024 kuma, hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga farashin yunit ɗaya zuwa naira 225 ga masu amfani da wuta na rukunin A, wato waɗanda ake ba wuta aƙalla awa 20 a rana.

Mai shago ya san abin da ya kashe a ƙarshen wata, amma ba kasafai yakan san wace na'ura ce ta sha kuɗin ba, ko a wane lokaci ta sha. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa ɓarnar makamashi cuta ce mai ɓuya, wadda ba a gano ta sai da awo na yau da kullum, kuma jikin ɗan Adam ya riga kowane injiniya amfani da wannan dabara.

Darasi daga jikin ɗan Adam

Ko a tsananin zafin bazara, ko a tsakiyar hunturu, zafin cikin jikin mai lafiya yana nan kusa da digiri 37 a ma'aunin Salshiyas. Masanin Faransa Claude Bernard ne ya jawo hankali a ƙarni na 19 ga yadda jiki yake tsare yanayin cikinsa, sa'an nan a shekarar 1926 Ba'amurke Walter Cannon ya raɗa wa al'amarin suna homiyostasis, ma'ana daidaituwar cikin jiki.

Ƙaƙa jiki yake yin haka? Akwai jijiyoyi a fata da cikin jiki masu jin zafi da sanyi, suna aika saƙo ba dare ba rana zuwa wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamas. Shi kuma yana gwada saƙon da mizanin da ya kamata. In zafi ya haura, sai a saki gumi, hanyoyin jinin fata su buɗe. In sanyi ya yi yawa, sai makyarkyata ta zo don tsoka ta samar da ɗumi. Matakai uku ke nan: awo, da kwatantawa, da gyara. Da a ce jiki sau ɗaya yake duba zafinsa a wata, kamar yadda mai shago yake duba takardar kuɗin wuta, da babu wanda zai ga ƙarshen watan.

Har wa yau, ko mutum yana kwance bai motsa ba, jikinsa na ƙona makamashi domin bugun zuciya da numfashi da aikin hanta da ƙwaƙwalwa. Wannan ci na lokacin hutu shi ne yake ɗaukar wajen kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na abin da mafi yawan mutane ke ƙonawa a yini. In zazzaɓi ya kama mutum, cin yakan ƙaru da kimanin kashi 10 cikin 100 ko fiye a kan kowane digiri ɗaya da zafin ya hau, alhali mara lafiyan yana kwance bai tsinana kome ba.

Yadda gini yake zazzaɓi

Shago da otal da banki da asibiti su ma suna da nasu cin na lokacin hutu. Bayan an kulle ƙofa, firji da fitilun waje da na'urorin da aka bari a jone suna ci gaba da jan wuta. In wannan ci ya soma hawa ba tare da ciniki ya ƙaru ba, to ginin ya kamu da zazzaɓi.

Kafin a auna abu sai an san mudunsa. Ana auna ƙarfin na'ura da wat, kuma na'ura mai wat 1,000 da ta yi aiki awa ɗaya ta sha yunit ɗaya, wanda shi ne abin da mita take ƙirgawa. A ɗauka wani mai ruwan sanyi a Maƙarfi yana da firiza mai wat 150, wadda injinta yake tashi yana tsayawa, jimillar aikinsa awa 10 a yini. Yunit 1.5 ke nan. To sai robar murfin ta saki, ƙurar hunturu kuma ta lulluɓe wayoyin da ke fitar da zafi. Ruwa zai ci gaba da yin sanyi, mai shago ba zai ga wani canji ba, amma injin yanzu awa 16 yake yi, wato yunit 2.4. Ƙarin yunit 27 ke nan a wata, a kan firiza ɗaya tak, ga kuma injin da ke gajiya kafin lokacinsa. Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika. Haka ma da ɗigo tulu kan ƙare.

Janareta ma haka yake. Babban janareta da aka tayar domin ƙwai biyu da fanka ɗaya yana shan mai fiye da kima a kan kowane yunit da ya bayar, domin kaso mai yawa na man yana tafiya ne wajen juya injin kansa. Farantan sola kuwa ƙura tana rage musu hasken da suke karɓa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli da ke yin ƙara ko hayaƙi. A lissafi kaɗai suke bayyana.

Abin da ake yi a manyan gine-gine

Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa gine-gine suna ɗaukar kimanin kashi 30 cikin 100 na makamashin da duniya take amfani da shi. Don haka ne a manyan ofisoshi da asibitoci da kantuna ake dasa ƙananan na'urori masu auna zafi da wutar da kowane sashe yake ja, suna aika alƙaluma ga kwamfuta duk bayan 'yan mintoci. Kwamfutar ita ce haifotalamas ɗin ginin. In ta ga na'urar sanyaya ɗaki tana aiki da ƙarfe biyun dare a ofishin da babu kowa, sai ta sanar da mai kula da ginin.

Tsakanin 2016 da 2020, cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya a Amurka ta bi diddigin gine-gine wajen 6,500 masu amfani da irin wannan tsari. Waɗanda tsarinsu yake nuna yawan cin makamashi kawai sun sami ragin kimanin kashi 3 cikin 100, waɗanda kuma nasu yake gano wurin da matsala take sun sami kimanin kashi 9. Darasin a fili yake: ganin alƙaluma yana da amfani, amma babbar riba tana wurin gano ciwon da yi masa magani.

A gida Nijeriya, an ƙaddamar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine a shekarar 2017, wadda ta taɓo tagogi da rufi da fitilu da na'urorin sanyaya ɗaki. A 2018 kuma, ƙarƙashin wani shiri na hukumar samar da lantarki a karkara, an soma ba shagunan kasuwar Sabon Gari ta Kano wutar sola tare da mitoci na zamani, yadda ɗan kasuwa zai biya daidai abin da ya sha.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu

Wanda ya taɓa shiga ɗakin ajiyar allurar rigakafi a asibitin karkara zai ga takarda a jikin firji. Ƙa'ida ce ma'aikaci ya rubuta sanyin firjin safe da yamma, kowace rana, domin yawancin allurai suna bukatar zama tsakanin digiri 2 da 8. Ɗaliban aikin lafiya, irin waɗanda ake horarwa a Maƙarfi, suna koyon cewa in layin takardar ya soma karkata, ba a jira sai magani ya lalace. Wannan shi ne ainihin awon yau da kullum, da biro da takarda.

Masu sarrafa amfanin gona ma suna da bukatarsa. Wannan yanki ya yi suna a noman rake da tumatir, har aka kafa masana'antar sarrafa tumatir a Ikara a farkon shekarun 1980. Kimanin kashi 94 cikin 100 na ɗanyen tumatir ruwa ne, kuma mayar da kilo ɗaya na tafasasshen ruwa tururi yana cin zafin da ya kai kimanin yunit 0.6. Saboda haka mai dafa tumatir da mai mazarƙwaila duk sana'arsu ɗaya ce a idon kimiyya: korar ruwa da wuta. Mai mazarƙwailar da yake rubuta litar man da injin matsa ya sha a kan kowane damin rake, shi zai fara sanin ranar da injin ya soma gazawa.

Aiki ga ɗalibai da malamai

Ƙungiyar kimiyya ta makaranta tana iya gwada wannan a makarantar, ko a wani shago da izinin mai shi.

Na farko, a rubuta sunan kowace na'ura da wat ɗin da ke rubuce a jikinta, da awannin da take aiki.

Na biyu, a karanta mita sau biyu kullum, lokacin buɗewa da lokacin rufewa. Bambancin daren shi ne cin lokacin hutu. Inda janareta ake amfani da shi, a rubuta litar mai da awannin aiki. A kuma rubuta awannin da aka ɗauke wuta, don kada a zaci rashin wuta tsimi ne.

Na uku, bayan mako biyu a zana alƙaluman a takardar giraf. Wannan shi ne mizani, kamar digiri 37 na jiki. A tuna cewa bazara da hunturu ba ɗaya ba ne, ranar kasuwa ma daban take, don haka a kwatanta kowace rana da irinta.

Na huɗu, a canza abu guda kawai, a ci gaba da awo. Alal misali, ƙwai 10 masu wat 60 da ke ci awa 6 suna shan yunit 3.6 a rana. In aka musanya su da na LED masu wat 9, sai ya koma yunit 0.54. Ragin ya haura yunit 90 a wata. Mita ce za ta tabbatar ko lissafin ya yi daidai.

Gargaɗi: karanta mita da ido ake yi. Kada ɗalibi ya buɗe ta ko ya taɓa waya. Gyara aikin ƙwararren mai wuta ne.

Kammalawa

Sayen sabuwar na'ura yana bukatar jari, amma littafin rubutu da biro ba su fi ƙarfin kowa ba. Gyaran da aka yi bara yana iya warwarewa bana, domin roba tana tsufa, ƙura tana dawowa, sabon yaron shago kuma bai san abin da tsohon ya sani ba. Shi ya sa ba a yin awo sau ɗaya a naɗe hannu. Ɗalibin da ya iya riƙe wannan littafi na wata uku ya koyi ginshiƙin aikin kimiyya, wato lura da rubutawa da gwaji, ya kuma taimaki mahaifinsa ko maƙwabcinsa ya riƙe ribar da take zurarewa cikin dare. Rigakafi dai ya fi magani, ga jiki da gini baki ɗaya.