SASSAƘA ƘARAMIN JIRGIN RUWA DA KATAKO

Duk wanda ya ratsa Muciya da kaka, bayan an girbe dawa, yakan tarar da yara a gindin inuwa suna fere kara suna ƙera motoci. Yaron da ya iya wannan ya riga ya sami abu biyu masu wuyar samu, watau idon da zai dubi babban abu ya rage shi daidai, da haƙurin zama har a gama aiki. Akwai wani aikin hannu da ke gaba da wannan, wanda manya da yara suke yi a ƙasashe da yawa lokacin hutawarsu. Shi ne gina ƙaramin jirgin ruwa da katako, falanki bayan falanki, kamar yadda ake gina babba.

Wani zai ce ina Zariya ina jirgin ruwa, tun da ba ta da kogi sai Kubanni da Galma? Amma Sabon Gari kansa jirgin ruwa yana da hannu a kafuwarsa. Hanyar jirgin ƙasa da ta biyo ta Zariya ta isa Kano a 1911 daga Baro ta taso, a bakin Kwara, kuma jiragen ruwa ne suka hauro da ƙarafanta har can. Tashar jirgin ƙasa kuwa ita ta tara mutane a Sabon Gari.

ASALIN AIKIN

Wannan aiki ya daɗe a duniya. A 1920, kusa da Luksor a ƙasar Masar, an buɗe kabarin wani babban bafade mai suna Meketre, aka sami ƙananan jiragen katako a ciki, da matuƙansu a sassaƙe, waɗanda suka yi kusan shekara 4,000. An raba su, waɗansu suna Alƙahira, waɗansu suna New York. A Ingila kuma, tun cikin shekarun 1600, gwanayen sassaƙa suka riƙa yin ƙananan jiragen yaƙi bisa awo, har yau ana ajiye da waɗansu a gidan tarihin jirage na Greenwich. Fursunonin Faransa da aka tsare a Ingila tsakanin 1793 da 1815 sun riƙa sassaƙa jirage da ƙasusuwan naman da ake ba su, suna sayarwa.

Ƙaramin jirgi yakan koya wa mutum sirrin babba. A 1954 an tono jirgin Fir'auna Kufu a gindin babbar dalar Giza, a wargaje, gutsure 1,224. Tsawonsa ya haura ƙafa 140, kuma da igiya aka ɗinke falankansa. Wanda aka danƙa wa aikin harhaɗa shi, Ahmed Yusuf, sai da ya je ya zauna da masu gina jirage a bakin Nilu, ya yi ta gwaji da ƙananan samfura, kafin ya gane mazaunin kowane guntu.

Yammacin Afirka ma ba a bar ta a baya ba. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙasar Fune ta Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale a ƙarƙashin ƙasa. Masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt suka tone shi a 1994, aka auna, aka tarar ya yi shekara 8,000 ko fiye. Babu wanda aka sani ya girme shi a Afirka. Kuma a 1828 wani Bafaranshe, René Caillié, ya bi Kwara daga wajen Jenne zuwa Tambutu cikin babban jirgi wanda aka ɗinke falankansa da igiya.

AWO SHI NE FARKO

Abin da ya raba wannan aiki da wasan yara shi ne awo. Tilas kowane sashe na ƙaramin jirgin ya ragu daidai da yadda sauran suka ragu. Turawan Ingila sun saba da kwatar inci a madadin ƙafa guda, watau kashi ɗaya cikin 48. Ga mai koyo rabin inci a madadin ƙafa guda ya fi sauƙi, watau kashi ɗaya cikin 24, gama katakon ba ya yin ƙanƙanta har ya gagari yatsa.

Ga misali. Jirgi mai tsawon ƙafa 36 zai zama inci 18. Falanki mai faɗin inci 6 zai zama kwatar inci. Kwalekwalen Dufuna, wanda tsawonsa mita 8.4 ne, faɗinsa kuma rabin mita, zai zama kusan inci 14 a tsawo, faɗinsa bai cika inci guda ba. Yana da kyau mai koyo ya fara da irin wannan, domin daga itace guda ake rarake shi. In hannu ya faɗa, sa'an nan a koma kan mai falankai.

Kafin a taɓa katako sai a zana jirgin a takarda ta fuska uku: yadda yake daga gefe, yadda yake daga sama, da yadda cikinsa zai kasance in an yanka shi a gicciye a wurare kamar takwas ko goma.

KATAKO DA KAYAN AIKI

Ba a bukatar kuɗi mai yawa. Guntayen katakon da kafintocin Muciya da Sabon Gari ke zubarwa sun isa. Maɗaci yana da kyaun launi, yana kuma karɓar guga. Malaina da obece suna da taushi, sun fi sauƙin fira ga mai koyo. Gora, in an tsaga ta siriri, tana lanƙwasuwa ba tare da ta karye ba. A guji katako mai gaɓa ko mai karkataccen zare, gama a nan yake karyewa.

Babban sharaɗi shi ne katakon ya bushe sarai. Iskar Zariya tana da laima da damina, da hunturu kuma ta bushe ƙayau. Jirgin da aka gina da ɗanyen katako a watan Agusta, kafin Janairu ya ƙare sai a ga falankansa sun ja da baya sun bar tsaga.

Kayan aikin su ne ƙaramin zarto mai ƙananan haƙora, da wuƙa mai kaifi, da magagari, da sanfefa mai kaushi da mai laushi, da rula, da fensir, da fil irin na tela, da gam na kafinta. Yaro ƙarami kada ya riƙe wuƙa sai da babba a kusa, kuma kullum a yi fira ana tura kaifin gaba, nesa da jiki.

ƘASHIN BAYA DA HAƘARƘARI

Jirgi kamar dabba yake, yana da ƙashin baya da haƙarƙari, falankai kuwa su ne fata. Ƙashin bayan shi ne dogon katakon da ya tashi daga goshi zuwa ƙeya ta ƙarƙashi. Haƙarƙarin su ne allunan da ake yankawa bisa zanen nan na gicciye. A yi musu tsaga, a zura kowanne a wurinsa bisa ƙashin bayan, a tabbata ya tsaya cak bai karkata ba. Kana a kife jirgin bisa wani allo mai kauri a kafe shi, don kada ya motsa sa'ad da ake aiki.

Daga nan sai gyaran bakin haƙarƙari, kuma nan ne masu gaggawa ke tuntuɓe. Bakin kowane allo a miƙe zarto ya yanke shi, alhali jikin jirgi yana tsukewa wajen goshi da ƙeya. Saboda haka sai a naɗa sanfefa a jikin ɗan katako, a goge bakunan a karkace. A riƙa ɗora siririyar tsagin gora a kansu ana dubawa. In ta kwanta lif a kan kowanne, an gama. In ta yi tsalle a wani wuri, a ƙara guga. In ta bar rami, a manna ɗan katako a cike. Kuskuren da aka bari a nan babu fentin da zai ɓoye shi.

JERA FALANKAI

Wannan shi ne zuciyar aikin. Mai koyo yakan yanka falankai masu faɗi ɗaya daga farko har ƙarshe, ya soma mannawa. Uku na farko su zauna lafiya, na huɗu ya soma gardama, kafin ya kai na shida sun hau juna a goshi. Dalili kuwa a fili yake. Jirgi ya fi ciki a tsakiya, amma yawan falankan da suka ratsa tsakiya su ne za su isa goshi. Ashe tilas kowane falanki ya sirance wajen bakinsa.

Yadda ake sanin gwargwadon sirancewar shi ne, a yanki ɗan tsirin takarda, a kwantar da shi a bakin haƙarƙarin tsakiya, daga ƙashin baya zuwa leɓen jirgi, a auna. A ce an sami inci 3. In faɗin falanki kwatar inci ne, ana bukatar 12 a kowane gefe. Sai a auna haƙarƙarin kusa da goshi haka nan. A ce an sami inci 2. A raba inci 2 gida 12, kowane falanki ya tashi da kashi ɗaya cikin shida na inci a wannan wuri. Haka za a yi wa kowane haƙarƙari, a sa alama da fensir. Alamun nan su ne jagora, kowane falanki a fere shi har ya zauna tsakanin alamunsa.

Akwai ƙa'idodi huɗu da magina jirage ke kiyayewa:

1. Kada a sirantar da falanki ya gaza rabin faɗinsa. In wuri ya yi matsi fiye da haka, a tsayar da biyu a kan haƙarƙari guda, a ci gaba da ɗaya a madadinsu. In kuma wuri ya buɗe wajen ƙeya, a cusa ɗan gajeren falanki a cike.

2. A fara da na leɓen jirgi da wanda ke manne da ƙashin baya, sa'an nan a bi sauran har a haɗu a tsakiya.

3. In an manna ɗaya a dama, a manna ɗan'uwansa a hagun. Wanda ya gama gefe guda kafin ya taɓa ɗayan, falankan za su ja ƙashin bayan ya karkace, ba kuwa zai miƙe ba.

4. In za a haɗa guntaye biyu a layi guda, a haɗa su a kan haƙarƙari, kuma kada mahaɗin ya yi daidai da na layin da ke kusa, kamar dai yadda magini ke sarƙa bulo.

LANƘWASA KATAKO

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Busasshe ma yana tanƙwaruwa in an san dabara. A jiƙa falankin a ruwan zafi kamar minti goma sha biyar, sa'an nan a goga shi a hankali a jikin gwangwani ko guntun famfon ƙarfe da aka ɗumama, ana dannawa kaɗan kaɗan. Zafi da laima su ke sassauta zaren katako. A kafe shi a mazauninsa da fil, ba gam, a bar shi ya kwana. Jiƙaƙƙen katako a kumbure yake, in aka manna shi a haka zai janye bayan ya bushe. Da safe a cire, a ɗan fere gefensa a karkace don ya haɗu da maƙwabcinsa, kana a shafa gam.

Falankin da sai an danne shi da ƙarfi kafin ya zauna, ba a fere shi daidai ba. A cire shi a gyara, ko a yar a yanki wani. Falanki biyu a yini ba kaɗan ba ne, jirgi mai 24 zai rufu cikin mako biyu.

In jiki ya rufu, a goge shi da sanfefa mai kaushi, a bi da mai laushi, kullum ana bin zaren katako. In an sami 'yar tsaga, a kwaɓa garin katakon da gam a cike. Daga nan a cire shi daga allo, a sa masa benci da matuƙi da rumfa, gwargwadon irin jirgin da aka kwaikwaya. A ajiye shi nesa da rana da ƙasa, saboda tsagewa da gara.

AMFANIN AIKIN

Yaron da ya raba inci 2 gida 12 don falankinsa ya zauna, ba zai sake tambayar amfanin lissafi ba. Ya kuma koyi karanta zane, abin da kafinta da magini da injiniya duka suke ci da shi.

Akwai kuma wani amfani. Jiragen Turai an zana su an ajiye a littattafai, amma jiragen katako na Yawuri da Lakwaja da Tafkin Cadi, yawancin awonsu a kan masu sassaƙa su yake. Saboda haka wanda tafiya ta kai shi bakin ruwa, ya nemi izinin mai jirgi ya auna tsawo da faɗi da zurfi, ya ƙirga falankai, ya tambayi sunan kowane sashe da irin itacen. In ya komo gida ya gina ƙaraminsa, sai ya rubuta a ƙarƙashi sunan garin da shekarar da awon da ya bi. Malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin samari za su kyauta in sun ware wa masu sha'awar wannan aiki teburi guda da wurin ajiya.