Karin Sauti a Ƙwaƙwalwa: Darasi Daga Sinanci Domin Yaƙi da Jahilci a Gaya

A Sinancin Mandarin, gaɓar "ma" tana da ma'ana huɗu bisa ga karin da aka furta ta da shi: uwa, rama, doki, zagi. Muryar yaro da ta dattijo ba ɗaya ba ne, amma mai sauraro ba ya rikicewa. Yaya ƙwaƙwalwa take yin wannan aiki?

A 1976 William Wang ya sa aka saurari gaɓa ɗaya wadda ake sauya karinta kaɗan-kaɗan, daga miƙaƙƙe zuwa mai hawa. Sinawa ba su ji sauyin a jere ba. Sun raba sautukan rukuni biyu, da iyaka tsakaninsu. A 2004 Hallé da abokan aikinsa suka nuna cewa Faransawa suna jin hawa da saukar murya, amma ba su kasa su rukuni-rukuni kamar masu harshen. Tun 1973 kuwa, Van Lancker da Fromkin sun gano cewa ƴan ƙasar Tailan sun fi tantance karin kalmominsu da kunnen dama, wato ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, mai kula da harshe, shi ke aikin. Ke nan wannan iyaka koyon ta ake yi daga harshen uwa.

Hausa tana da karin sama da na ƙasa, da mai faɗuwa. Kari ne ya raba "kuka" na hawaye da "kuka" itaciya, ya raba "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala. Ƙa'idar rubutun boko ba ta nuna kari, domin Bahaushe yana cike giɓin daga abin da ya riga ya sani.

A Gaya, cikin jihar Doso, inda iyakokin Nijar da Benin da Nijeriya suke kusa da juna, aji ɗaya yana iya haɗa Bahaushe da Badendi da Bazabarme da Bafillace. Dendanci da Zabarmanci harsunan kari ne, sai dai rukunansu daban suke. Fillanci kuwa ba ya rarrabe kalmomi da kari. Wanda ya rasa iyakar a kunne, ba zai same ta a takardar da ba ta nuna ta ba.

Saboda haka muke ba masu tsara littattafai shawara biyu. Ta farko, a fara da horon kunne kan kalmomi masu kama da juna kafin a shiga karatu. Ta biyu, a jarraba sa alamar kari a littafin farko na waɗanda Hausa ba harshen uwarsu ba ne, a gwama sakamakon da na ajin da ba a sa ba.