Ko Ka San Ƙwaron Da Ke Binne Mushe Don 'Ya'yansa?

A dazuzzukan Turai da Asiya da Amurka ta Arewa akwai wani baƙin ƙwaro mai ratsin ja a baya, ɗan'uwan buzuzu ne daga nesa, masana na kiransa Nicrophorus. Da zarar ya jiyo warin mataccen ɓera ko ɗan tsuntsu, sai ya taso. Namiji da mace su shiga ƙarƙashin mushen, su yi ta tone ƙasa har ya nutse. A can ƙasa su fige shi tas, su dunƙule naman, su shafe shi da wani ruwa daga bakinsu da duburarsu mai rage saurin ruɓewa. Macen ta zuba ƙwai a gefe.

In tsutsotsi sun ƙyanƙyashe, sai su rarrafo zuwa ɗan ramin da iyayen suka buɗe a saman naman. Nan za ka ga tsutsa ta ɗaga kai tana taɓa bakin uwa ko uba da ƙafafunta, shi kuwa ya amayo mata abin da ya tauna. Uba ya zauna reno a duniyar ƙwari, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya fi ɗaukar min hankali shi ne zaman taron da suke yi. In mushen ƙarami ne, faɗa ake yi, babba ya kori sauran. Amma in mushen ya yi girma, ma'aurata su biyu ba za su iya binne shi da wuri ba, ƙudaje kuwa na nan suna zuba ƙwai, tsutsarsu ta cinye naman. Sai ka ga mata biyu ko uku sun haƙura da juna, su yi aikin tare. Masaniyar ƙwari Michelle Scott ta nuna a Amurka, a 1994, cewa irin wannan taron ya fi iya kare mushe daga ƙudaje.

Kishi dai bai kwanta ba. Babbar macen ce ke samun 'ya'ya mafi yawa. Kuma uwa ba ta gane tsutsarta da ido ko da wari, lokaci take lissafawa. Duk tsutsar da ta iso kan naman kafin lokacin ƙyanƙyasar ƙwanta, ta san ta abokiyar zama ce, nan take za ta cinye ta.