Lalle a Bakin Kanal: Shukar da Ba Ta Son Shagwaɓa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya daina zama abin nema a Kura, Bunkure da Garun Malam. Kanal ya ratsa gonaki, shinkafa da alkama da tumatir suka samu gindin zama. Sai dai yalwar ta koya wa mutanen yankin ɗabi'a guda: duk abin da aka dasa, a cika shi da ruwa. Lalle kuwa ba ya son haka.

Ɗan ƙasar zafi ne. A Sojat da ke jihar Rajastan ta Indiya, garin da lallensa ya yi suna a duniya, ruwan sama kaɗan ke rainonsa. Idan ruwa ya kwanta a gindinsa, saiwa ta ruɓe, ganye ya yi rawaya. Don haka mai son shingen lalle a lambu ya guji kwari da gefen fangalin shinkafa, ya nemi tudu mai jigawa inda rana ke duka.

Dashensa ba wuya. A farkon damina a yanko reshen da ya ƙosa, mai kaurin fensir, tsawon taƙi guda, a zage ganyen ƙasa, a binne rabinsa. A bar kamu ɗaya tsakanin dashe da dashe, a zuba ruɓaɓɓen takin gida, a kewaye da ƙaya saboda awaki. Da zarar ya kama ya fid da toho, a janye masa ruwa.

Sirrin kyansa yana ga aski. Lallen da aka ƙyale yakan miƙe ya zama bishiya mai ƙaya, ƙasansa fayau. Wanda ake datsewa kuwa yakan yi cunkus, ya fitar da sababbin rassa masu ganyen da ke kama hannu sosai. Amma a bar wasu rassan su yi fure, domin ƙananan furanninsa farare na cika tsakar gida da ƙamshi.

Idan hunturu ya shigo ya zubar da ganye, kada a ruɗe a ninka ban ruwa. Hutu yake yi, zafi na dawowa zai farfaɗo. Ganyen da aka datse kuma a shanya a inuwa, a daka, a tankaɗe. Gidan da ke da shingen lalle ba ya zuwa kasuwar Kura neman na ƙunshin amarya.