Baƙin Hayaƙi a Motar Gas: A Fara Binciken Iska Kafin a Taɓa Famfon Mai

Da zarar motar gas ta rasa ƙarfi farat ɗaya, direba ya taka totur ta ƙi ɗauka, baƙin hayaƙi kuma ya turnuƙe bayanta, maganar da aka fi ji a gareji ita ce: “A kwance nozul, a kai injekta.” Wannan gaggawar tana cin kuɗin masu mota ba gaira ba dalili, domin sau da yawa ba mai ne ya yi yawa ba, iska ce ta yi kaɗan.

Injin gas, wato dizal, ba shi da fulogin tartsatsi irin na fetur. Iska yake zuƙa ya matse ta har ta yi zafi, sannan nozul ya fesa mai a ciki ya kama da kansa. A lissafi, kilo 1 na gas yana buƙatar iska kusan kilo 14.5 kafin ya ƙone tas, a aikace kuma injin yana son fiye da haka. Idan iskar ta gaza, man da bai gama ƙonewa ba shi ne yake fita ta salansa baƙi ƙirin. Launin ma shaida ne: shuɗi yana nuna baƙin mai ake ƙonawa, fari mai kauri na nuna ruwa ko man da bai kama wuta ba. To, abin da ke yanke iska lokaci guda, a mota mai turbo irin Hilux ko Hiace, galibi tiyon roba ne da ke kai matsattsiyar iska cikin inji ya tsage, ko maɗaurinsa ya kwance. Direba zai ji huci kamar na tayar da ke sacewa duk lokacin da ya taka totur. In aka buɗe bonet aka bi tiyon da hannu, za a tarar da danshin baƙin mai ya kama ƙura daidai bakin tsagar, wadda sau da yawa tana ɓoye ta ƙasan tiyon, sai an lanƙwasa shi take buɗewa. Bayan wannan sai matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa, sai bawul ɗin EGR mai mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji, wanda kan maƙale a buɗe idan dauɗa ta taru masa. Turbon kansa ma yana iya mutuwa, sai dai shi ne ƙarshen abin da za a tuhuma a wannan layin.

Wani zai ce gurɓataccen gas ya yi yawa a kasuwa, don haka zargin mai ba laifi ba ne. Gaskiya ne mugun mai yana kashe nozul. Amma nozul a hankali yake lalacewa, kuma yakan yi gargaɗi tun da wuri: wahalar tashi da safe, karkarwa a tsaye, ƙwanƙwasa a cikin inji. Idan kuwa matatar mai ce ta toshe, mota za ta rasa ƙarfi, amma yawanci ba tare da baƙin hayaƙi ba, tunda man ne bai isa ba. Ga kuma batun tsada. Sababbin injina suna fesa mai da matsin da ya kai bar 1,600 ko fiye, kayan aikinsu ba sa jure ko ƙwayar rairayi, kwance su a filin gareji mai ƙura na iya haifar da cutar da babu ita da farko. Duba tiyo da matata kuwa ba ya cin komai sai ’yan mintuna, sa na’urar karanta kwamfutar mota ma bai kai kuɗin nozul ɗaya ba.

Masu cewa a lallaɓa a ci gaba da tafiya su sani toka tana gangarawa cikin baƙin mai tana cinye inji, kuma tun 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji. Mai mota, kafin ka yarda a kwance maka famfo, ce wa bakanike ya fara nuna maka tiyo da matatar iska.